Filin Harshe: Kalmomin Yawa da na Muhimmanci a Turancin Ingilishi

Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata sun karkata ga abu guda, wato kalmomin da Turancin Ingilishi ke auna yawan abu da su, da waɗanda yake nuna muhimmancinsa da su. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, kuma kamar yadda aka saba a wannan fili ban sa sunayen masu su ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Turanci a aji uku na ƙaramar sakandare. Ɗalibaina sun kasa rarrabe “few” da “a few”, haka ma “little” da “a little”, duka “kaɗan” suke ce musu. Ni kaina idan na tashi yin bayani da Hausa sai in rasa ta inda zan ɓullo. Daga wata malama a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara wa aikinki albarka. Ɗalibanki ba su yi kuskure ba da suka ce “kaɗan”, sai dai sun tsaya a rabin hanya, domin bambancin kalmomin ba ya cikin adadin da ake magana a kai, yana cikin yadda mai maganar ke kallon adadin. A ɗauka makarantarku ta kira taron iyayen yara, aka jera kujeru 100, sai mutum 7 suka zo. Shugaban makaranta, wanda ya sa ran ganin zauren cike, zai ce “Few parents came”, ma'ana iyayen da suka zo ba su taka kara sun karya ba, kuma duk wanda ya ji shi ya san kuka yake yi. Malamin da ya riga ya fid da rai da zuwan kowa, shi kuwa zai ce “A few parents came”, wato an ɗan samu wasu sun zo, kuma a muryarsa akwai hamdala. Mutum bakwai ɗin nan dai su ne, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Na farko yana duban kujerun da babu kowa a kai, na biyu yana duban waɗanda aka zauna.

Haka abin yake da ɗaya tagwayen. Idan likita ya fito daga ɗakin majinyaci ya ce wa dangi “There is little hope”, yana shirya zukatansu ne ga rashi, domin abin da yake nufi shi ne da ƙyar in akwai fata. Idan kuwa ya ce “There is a little hope”, to yana cewa da sauran fata, kada a yanke ƙauna. Harafi guda ne ya raba jumlolin biyu, amma wanda ya tsaya tafinta tsakanin likitan da dangin ya san nauyin wannan harafi. Hausa ba ta ɗora wannan aiki a kan kalma guda ba, ginin jumlar take sauyawa, shi ya sa nake ba ki shawara ki daina neman kalmar Hausa guda ga kowace, ki riƙa ba yaran cikakkiyar jumla: “kaɗan ne suka zo” a gefe guda, “an samu wasu sun zo” a ɗaya gefen. Ki kuma faɗakar da su game da “quite a few”, wanda duk da kalmar ƙaranci da ke cikinsa, ma'anarsa “da dama” ce. Shi kuwa “only a few” yana mayar da magana ga kukan shugaban makaranta.

Akwai wani rabo na biyu da ke ƙarƙashin tambayarki. Mu a Hausa muna cewa mutane da yawa, ruwa da yawa, awaki kaɗan, gishiri kaɗan, ba tare da sauya kalma ba. Ingilishi ya raba abin da ake ƙirgawa da abin da ake aunawa: “many” da “few” na abin ƙirge ne, “much” da “little” na abin awo. Ki shiga aji da kwanon gero da 'yan ƙwayoyin goro, ki tambayi yaran yadda ake sayen kowanne a kasuwa. Za su ce miki gero da tiya ko mudu ake aunawa, goro kuwa ƙirgawa ake yi, ɗari ne ƙwarya guda. Daga nan sun riga sun riƙe ƙa'idar, saura kawai ki nuna musu wuraren da Ingilishi ya saɓa wa tunanin Bahaushe. Babban misali shi ne kuɗi, wanda Bature ke sa shi cikin abin awo, ya ce “much money”, alhali a Hausa asalin kalmar kuɗi jam'in wuri ce, tun zamanin da ake ciniki da farin wuri, shi ya sa har yau za ki ji ana cewa kuɗin sun ƙare. Haka nan “advice”, “information”, “equipment” da “furniture” ba sa karɓar alamar jam'i, kuma masu duba takardun jarrabawar WAEC da NECO na lura da wannan.

Game da “fewer” da “less”, ki koya musu ƙa'idar jarrabawa, wato ta farko ga abin ƙirge, ta biyu ga abin awo. Amma yana da kyau ke ki san cewa ƙa'idar ta samo asali ne daga ra'ayin wani marubuci mai suna Robert Baker a 1770, kuma Turawan Ingila sun daɗe suna amfani da “less” ga abin ƙirge tun kafin shi. Takaddamar ba ta mutu ba, domin a 2008 kantin Tesco na Birtaniya ya sauya rubutun layin masu 'yan kaya daga “10 items or less” zuwa “up to 10 items” saboda masu ƙorafi.

TAMBAYA: Malam, ina aikin fassara labarai a wani gidan rediyo. Kusan kullum sai na ci karo da kalmar “significant”, ni kuwa “gagarumi” nake ce mata. Kwanan nan wani likita ya ce mini na yi kuskure a wani rahoton binciken magani. Ina kuskuren yake? Daga wani ma'aikacin rediyo a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, likitan ya yi maka gyara na gaskiya, kuma wannan tambaya ita ta fi tsaya mini a rai cikin duka biyar ɗin, domin ni ma na taɓa faɗawa wannan rami a farkon aikina. An miƙo mini labarin wani bincike ana saura 'yan mintoci a shiga ɗakin watsa labarai, na ga kalmar, na rubuta cewa maganin ya kawo gagarumin sauƙi, aka karanta haka. Bayan kwana biyu wata tsohuwa ta zo ƙofar gidan rediyon da sunan maganin a rubuce a bayan katin asibiti, tana neman a faɗa mata inda ake sayar da shi, domin jikanta ne ke kwance. Da na koma na karanta rahoton a tsanake sai na tarar sauƙin da aka gani ɗan ƙanƙane ne. Tun daga ranar ban sake wuce kalmar nan da gaggawa ba.

Kalmar tana da rayuwa biyu. A maganar yau da kullum, idan aka ce “a significant increase” ana nufin ƙarin da ya isa a lura da shi, wanda Bahaushe zai ce na a zo a gani, ko ƙari mai tsoka. A nan “gagarumi” ba ta yi nisa da ma'ana ba, ko da yake sau da yawa ta ɗan zarce, kuma “mai yawa” ko “wanda ba za a raina ba” sun fi dacewa. Amma a bakin masu bincike kalmar ta koma ga tushenta na Latin, wanda ke nufin alama ko nuni, kuma ba ta cewa komai game da girman abu.

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan ma'ana ta biyu shi ne Ronald Fisher, masanin ƙididdiga da ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ake gwada taki da iri, kuma littafinsa na 1925 kan hanyoyin ƙididdiga ga masu bincike shi ya sa ma'aunin ya bazu. Matsalar da ke gabansa kowane manomi ya san ta. Gonaki biyu ba sa ba da amfani daidai ko da ba a yi musu komai daban ba, saboda ƙasa da ruwa da ƙwari. To idan aka zuba sabon taki a wasu gonaki aka bar wasu, sannan aka ga bambanci, ta yaya za a san takin ne, ba dace ba? Ma'aunin da ya ba da shi ne a lissafa: da a ce takin ba ya yin komai, sau nawa za a ga bambanci mai girman wannan ko fiye? Idan amsar ta gaza sau 1 cikin 20, wato kashi 5 cikin 100, sai a ce sakamakon “statistically significant” ne. Abin da aka faɗa kawai shi ne da wuya dace kaɗai ya haifar da wannan bambanci. Idan gonakin gwajin suna da yawa ƙwarai, ƙarin tiya guda a kowace kadada ma zai iya cin wannan ma'auni, alhali babu manomin da zai sayi taki saboda tiya guda.

Saboda haka idan ka ga kalmar a rahoton bincike, musamman tare da “statistically” ko wata lamba kamar 0.05, ka rubuta cewa binciken ya nuna bambancin da ake ganin ba dace ba ne, sannan ka nemi adadin da kansa ka faɗa wa masu sauraro. Idan kuwa aka ce “not significant”, kada ka ce babu bambanci, ka ce binciken bai iya tabbatar da bambancin ba. Ruɗanin nan ba mu kaɗai yake damu ba, domin a 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman, inda ta ja kunnen masu bincike da kansu cewa wannan ma'auni ba ya auna girman sakamako ko muhimmancinsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, muna musu a majalisarmu. Ni na ce wanda ya ci zaɓe shi ne mai “majority”, abokina ya ce ba lallai ba ne. Ka raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Bauci.

AMSA: Malam, abokinka ne da gaskiya, amma Hausa ce ta ba ka uzuri, domin kalmarmu ta “rinjaye” tana ɗaukar ma'anoni biyu da Ingilishi ya raba. A tsantsar ma'anarta, “majority” na nufin fiye da rabi. Wanda ya fi kowane ɗan takara ƙuri'a amma bai haura rabi ba, Amurkawa na cewa ya samu “plurality”, mutanen Birtaniya kuwa sukan ce “relative majority”. Zaɓen shugaban ƙasar Nijeriya na 2023 misali ne a fili: hukumar zaɓe ta bayyana Bola Tinubu da ƙuri'u 8,794,726, Atiku Abubakar da 6,984,520, Peter Obi da 6,101,533. Na farko ya fi kowa, amma abin da ya samu bai kai kashi 37 cikin 100 ba. Tsarin mulkin 1999 ya san da wannan bambanci, shi ya sa a sashe na 134, inda 'yan takara biyu ne kawai ya yi amfani da “majority”, inda kuwa suka haura biyu sai ya ce “the highest number of votes”, wato ƙuri'u mafi yawa. Idan kana son Hausarka ta fita sarai, ka ce “fiye da rabi” ga na farko, ka ce “ya fi kowa ƙuri'a” ga na biyu. Ita ma “most” haka take da fuska biyu: “most voters” galibin masu zaɓe ne, wato fiye da rabinsu, amma “the most votes” ƙuri'un da suka fi na kowa ne kawai.

Dattawan majalisarku za su tuna cewa an taɓa kai kalmar adadi har Kotun Ƙoli. A zaɓen 1979 doka ta bukaci mai nasara ya samu rubu'in ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne a lokacin. Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa ya samu ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100. Obafemi Awolowo ya ce kashi biyu cikin uku na 19 jihohi 13 ne, tun da ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha ta 13, don haka abin da ake bukata a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta ne. Kotun ta karɓi wannan lissafi a watan Satumba, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba.

Akwai kuma wata kalmar da ta fi wannan santsi a shari'ar zaɓe, wato “substantially”. Sashe na 135 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce ba za a soke zaɓe saboda saɓa wa doka ba idan an gudanar da shi “substantially” bisa ƙa'idojin dokar, kuma saɓawar ba ta shafi sakamako “substantially” ba. Ma'anarta a nan ita ce akasari, ko a gundarin abu, kuma ba ta da wata lamba da aka yanka mata. Alƙali ne ke auna ta da hujjojin da aka gabatar masa, kuma a nan ne ƙararrakin zaɓe da dama ke tsayawa ko su faɗi.

TAMBAYA: Malam, maigidana a wurin aiki ya rubuta mini takardar shaida, a ciki ya ce gudummawata “invaluable” ce. Raina ya ɓaci, domin na ɗauka yana nufin ba ta da daraja. Sannan wace ce ta fi ƙarfi tsakanin “important”, “vital” da “crucial”? Daga wata ma'aikaciya a Katsina.

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ki je ki yi masa godiya, domin yabo ya yi miki mai girma. Gaskiya ne ɗafin “in-” da ke farkon kalmar yakan kore ma'ana, amma abin da ya kore a nan shi ne yiwuwar yi wa abin kuɗi, wato darajarsa ta wuce a ƙiyasta. Haka “priceless” take, abin da kuɗi ba sa saye. Waɗanda ke nufin rashin daraja su ne “worthless” da “valueless”.

Su kuwa kalmomin muhimmanci, “important” ita ce ta gama-gari, daidai da “muhimmi” tamu. “Vital” ta fito daga kalmar Latin mai nufin rai, don haka tana nuna abin da in babu shi al'amari ba zai rayu ba, kamar ruwan sama ga shuka. “Essential” abin da ba makawa sai da shi ne, kamar gishiri a miya. “Crucial” tana da alaƙa da kalmar Latin ta gicciye, kuma ta fi dacewa da abin da sakamako ya rataya a kansa, irin wasan da zai nuna ko ƙungiya za ta tsallake ko za ta koma gida. “Critical” kusa take da ita, amma idan asibiti ya ce majinyaci na cikin “critical condition”, ana nufin yana cikin mawuyacin hali, rai a hannun Allah. Dukkansu sun fi “important” nauyi, kuma a ganina marubutan takardun ofis sun yawaita su har sun fara sanyi, tun da takardar da kowane sakin layinta ke cewa “crucial” ba ta nuna wa mai karatu abin da zai fara da shi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, da Faransanci na yi karatu, amma harkata da Kano take. Ina rikicewa da “billion”, kuma wani abokin ciniki ya yi mini gyara da na rubuta “an important sum of money”. Daga wani Alhaji a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ku ke kira miliyar a Nijar, wato miliyan dubu, 1,000,000,000, shi ne “billion” na Ingilishi, wanda mu a Nijeriya muke ce wa biliyan. Haɗarin shi ne Faransanci ma yana da kalma mai irin wannan rubutu, amma tasa miliyan sau miliyan ce, wato 1,000,000,000,000, wadda Ingilishi ke kira “trillion”, mu kuma tiriliyan. Tsakanin biliyan ɗin Faransa da ta Ingila akwai ninki dubu. Ita Birtaniya kanta a da tana kan lissafi irin na Faransa, sai a 1974 Firayim Minista Harold Wilson ya shaida wa majalisa cewa gwamnati za ta riƙa amfani da kalmar da ma'anar miliyan dubu kamar yadda Amurka ke yi, don haka idan ka ci karo da ita a tsohon littafin Ingila sai ka duba shekarar bugunsa.

Gyaran abokin cinikinka ma daidai ne. A Faransanci kalmar “important” tana ɗaukar yawa da muhimmanci duka biyu, har a ce “une somme importante” ana nufin kuɗi masu yawa. Ingilishi bai ba ta wannan faɗin ba, a wurinsa muhimmanci kawai take nunawa, saboda haka kuɗi masu tsoka “a large sum” ne, ko “a substantial sum”, ko “a considerable sum”. Kuma tun da ka ambaci harka da Kano, ka lura da “severally”, wadda za ka ji 'yan Nijeriya na faɗa da nufin “sau da dama”, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wannan ma'ana a 2020 cikin kalmomin Turancin Nijeriya. A takardar yarjejeniya ba haka take ba. Idan aka rubuta cewa ku da abokan haɗin gwiwarka kun ɗauki nauyin bashi “jointly and severally”, ana nufin a haɗe da kuma ɗaiɗai, wato mai bin bashin yana da ikon ya bar sauran ya nemi dukan kuɗin a hannunka kai kaɗai. Kafin ka sa hannu a irin wannan takarda ka ba lauya ya duba ta, kuma ka sa a rubuta adadin kuɗin da lambobi da kalmomi duka biyu, tare da sunan kuɗin, naira ce ko sefa.